Har Ki Dawo

Virve, kin tafi asibitin Tartu da karyayyen ƙugu,
kin bar mini tsuntsaye,
ni da ban san inda cokula ke kwana a gidan nan ba.

A ƙofar firji kin manna takarda:
"Kitse marar gishiri. Gyaɗa a daka ta, kada a bar ta guda.
Ruwa da safe, a fasa ƙanƙarar da diddigen takalmi.
Ban da burodi, Endel, ko sun roƙe ka."
Shekara arba'in ina gyaran jirgin ƙasa,
ban taɓa karɓar umarni mai tsauri haka ba.

Na ce ai sanyi ya karye.
Rufi yana ɗiga tun hantsi,
dusar ƙanƙara ta koma dauɗa a gindin shinge,
me zai hana su neman na kansu?
Kika ce ta waya, muryarki duk magani:
"Yanzu ne yunwar. 'Ya'yan itacen bara sun ƙare,
tsutsa ba ta farka ba.
Kusa da gaɓa kwalekwale ke kifewa."

To, na fita, rigar barci a ƙarƙashin kwat.
Ƙasa sama laushi, ciki ƙashi.

Ban san sunayensu ba, rubutun littafinki kuma ya fi ƙarfin idona,
sai na raɗa musu nawa.
Akwai Mai Hula, rawayan ciki da baƙin zane,
yakan ɗauki ƙwaya ɗaya tak ya arce kamar wanda ake bi bashi.
Akwai Jan Ƙirji, ba ya zuwa sai da matarsa,
ba ya ci sai ta ci. Na kau da kai.
Akwai Kafinta, mai ƙwanƙwasa itacen tuffa
tun ban ɗora ruwan zafi ba.
Gwarare kuwa ba su da suna, 'yan kasuwa ne,
suna faɗa kan abin da ya ishe su duka.

Ranar Talata kurege ya cinye rabin kitsen.
Na jefe shi da safar hannu, na rasa safar.
Kyanwar Maimu tana bisa tarin itace
da fuskar salihai,
na hau tsani in ɗaga akwatin, na zame daga mataki na biyu.
Kada ki tambaya. Gado ɗaya a Tartu ya ishe mu.

Kullum tambayarki ɗaya:
"Baƙin nan ya iso? Mai ɗigo-ɗigo, mai baki ruwan zinariya?"
Shi ke buɗe shekara, kin ce, ba kalanda ba.
Kwana tara ina cewa tukuna.
Daren jiya ma'aikaciyar jinya ta ce kin ƙi abinci,
ƙarya ta zo mini har haƙori,
na haɗiye ta da shayi.

Yau, bakwai saura,
ina kankare katakon da tsohuwar wuƙarki,
sai na ji fito daga saman wayar lantarki,
fito, da ƙara irin ta ƙofar da ba ta sha mai ba,
da wani kuka da ya aro daga wata ƙasa.
Ga shi nan, ya rame, fukafukai a sake,
yana rawar ɗari yana rerawa
kamar shi ke biyan harajin gidan.

Na kira ki, ban ce komai ba.
Na ɗaga wayar sama da kaina, yatsu suna daskarewa,
tsoho tsaye cikin taɓo da takalmi wari-wari.
Da na mayar da ita kunne
sai na ji kina tauna wani abu.
Kika ce, "Ka raba masa tuffa biyu, ka ajiye a ƙasa.
Kuma Endel, an ce ka ba su burodi."

Sau ɗaya ne, Virve.
Maimu ba ta da aiki sai leƙe.